Yadda ake aikin kula da lafiyar ƙwaƙwalwar yara a firamare, daga wata malama a Katsina

Wata ƙanwata da aka tura wata firamaren gwamnati a cikin garin Katsina a matsayin mai ba yara shawara ta kira ni bayan sati ɗaya da kama aiki. Ta ce, "Yaya, sun ba ni kujera a ofishin malamai, sun kuma ba ni azuzuwa uku in riƙa koyar da Hausa, wai kafin mahaukatan su samu." Na yi dariya har da ƙwalla, don ni ma kusan haka aka tarbe ni. Abin da na faɗa mata a waya daren nan shi ne zan shimfiɗa a nan, bi da bi. Da ita nake magana, shi ya sa za a ji ina ta "ki, ki". Maza su yi haƙuri su juya abin ya dace da su.

Mataki na farko: san takardarki da inda hannunki ya tsaya

Yawancinmu malamai ne da suka karanta fannin jagoranci da ba da shawara, wanda ake koyarwa a jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano. Tunda a matsayin malama hukumar ilimin firamare ta jiha, wato SUBEB, ta ɗauke ki, ki tabbatar rajistarki ta hukumar rajistar malamai ta ƙasa, wato TRCN, tana nan daram. A 2022 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta kafa majalisar kula da masu sana'ar ba da shawara, a Janairun 2023 kuma ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Ki nemi su biyun ki karanta.

Ke ba likita ba ce. Ba ki rubuta magani, ko da farasitamol ne, kuma ba ki laƙa wa yaro sunan cuta. Ranar da kika ce wa uwa "ɗanki yana da cuta kaza", kafin la'asar unguwa ta ɗauka, kuma sunan zai bi shi har ranar da zai je neman aure.

Mataki na biyu: hedimasta, suna da wurin zama

Ki samu hedimasta shi kaɗai, ba a gaban malamai ba. Ki ce masa, "Ranka ya daɗe, aikina in rage maka yaran da ake turo maka ofis kullum." Wannan harshen yake ji. Ki roƙi abu uku: wurin zama, lokaci a jadawali, da izinin magana a taron iyaye da malamai da na kwamitin kula da makaranta, wato SBMC.

Sunan da za a kira ki da shi babban abu ne. Kada ki yarda kalmar hauka ko taɓin hankali ta raɓe ki. Ni "Malamar hira" yara suka sa mini, na kuwa riƙe shi hannu bibbiyu, don babu uwar da za ta ji kunya an ce ɗanta ya je wurin Malamar hira.

Wuri kuwa, in an samu ɗaki, madalla. In ba a samu ba, sito da aka share ko gindin bedi nesa da tagogin aji ya isa. Sharaɗin shi ne a iya ganinku amma kada a ji ku. Ƙofa a buɗe take zama kullum, musamman in namiji ne ke aikin. Kayan aiki ba su da yawa: tabarma, takardu, fensir mai launi, 'yar tsana biyu ko uku, duwatsun carafke, laka in an samu, da akwatin ƙarfe mai kwaɗo.

Mataki na uku: sati uku kina kallo

Kada ki kira yaro ko ɗaya tukuna. Ki tsaya a bakin ƙofa da safe ki ga wa ke zuwa a makare kullum, wa ake jawowa yana kuka. Ki zauna a bayan aji. Lokacin tara ki fita fili, nan ne ake ganin komai: wanda ba shi da kuɗin tara ya koma bayan aji ya ɓuya, wadda ba a sa ta a gaɗa, wanda kowane wasa a hannunsa sai ya koma dambe. Ki karɓi rajista ki duba masu fashi, ki lura da ranakun. Yarinyar da ke ɓacewa duk ranar kasuwa matsalarta talla ce, ba ƙin makaranta ba.

Malamai za su kawo miki masu ƙiriniya, don su ke hana su sakat. A ajin da yara suka haura ɗari, irin wanda na tarar, ba wanda zai kawo miki yarinyar da ke zaune a lungu ba ta ce uffan ba tun farkon zango. Malaminta ma yabonta yake, wai natsattsiya ce. Ita ce za ki nema da kanki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin matsalolin ƙwaƙwalwa kan fara ne kafin shekara 14, wato da yawansu suna zaune a kan bencinmu yanzu haka.

Ki kuma yi hattara da abin da littattafan Turawa suka koya miki. Yaron Bahaushe da ya sunkuyar da kai bai kalli idonki ba tarbiyya ya nuna. Wanda ya zuba miki ido ƙur shi ne ma za a ce ba shi da kunya.

Mataki na huɗu: fara da jiki

A nan na fi ganin sababbin shiga suna tuntuɓe. An kawo yaro an ce daƙiƙi ne, ko ba ya ji, sai a hau tambayarsa abin da ke damun zuciyarsa. Ki fara da waɗannan: Me ka ci yau da safe? Ƙarfe nawa ka kwanta jiya? Ki rubuta harafi a allo ki ce ya karanta daga bencin baya, ido ɗaya a rufe, sannan ɗayan. Ki tsaya a bayansa ki kira sunansa ƙasa-ƙasa. Ki duba ko kunnensa na fitar da ruwa, ko tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari fat. Ki tambayi gida ko yana da sikila, ko ya taɓa zazzaɓin da ya kai shi ga suma.

Akwai wani yaro ɗan aji biyu da aka sha zane shi kan taurin kai, ana magana ya yi biris. Ashe kunnensa na hagu ya daɗe da mutuwa, kuma an zaunar da shi ta inda kunnen mai ji ke fuskantar bango. Sauya masa benci da takardar zuwa asibiti suka gama maganar.

Farfaɗiya ma iri-iri ce. Akwai wadda ba ta kayar da yaro: sai ya ƙame na 'yan daƙiƙoƙi, ido a buɗe, an kira shi bai ji ba, sannan ya dawo kamar ba abin da ya faru, sau da yawa a yini. Malami ya ce shashanci ne, gida a ce gamo ya yi. Wannan na likita ne. Ita kuwa mai kayarwa, ki koya wa duk malamai abin yi: a kawar da benci, a sa mayafi ƙarƙashin kansa, a juya shi gefe guda, a duba agogo. Ba a cusa cokali a baki, ba a ɗura ruwa ko manja, ba a danne shi. In ta wuce minti biyar, asibiti. Kuma ki faɗa a asembuli da babbar murya cewa yawun mai farfaɗiya ba ya sa wa kowa farfaɗiya, don wannan canfin shi ke sa a watse a bar yaro yana bugun ƙasa shi kaɗai.

Mataki na biyar: gidan yaron

Ba ki fara zama a kai a kai da ɗan mutane ba tare da sanin iyayensa ba. Takardar gayyata ba ta cika aiki ba, rabinta a hanya ake yin jirgi da ita, wadda ta isa gida kuwa sai a fara dukan yaron kafin a karanta. Ki je da ƙafarki, da yamma, ko ki samu uwar a wurin biki ko suna ki nemi izinin zuwa.

Ki bi ta ƙofa. Mai gida za a fara sanarwa, ko da da uwar za ki yi hirar. In namiji ne ke aikin, ya tsaya a zaure da mai gida, wata malama ta shiga ciki. Ki gaisa sosai, a sha ruwa, ki fara da alherin yaron: "Hajiya, ɗan nan naki akwai hannun zane." Daga nan ki ce kin lura kwanan nan ba ya sakewa, ko a gida ma haka yake? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ki bar su su yi magana.

Abin da kike son sani: wa ke riƙon yaron, uwarsa na gidan ko ta fita, agola ne ko ɗan riƙo, an yi rasuwa ko haihuwa ko sabuwar amarya kwanan nan, da wa yake kwana, yana fitsarin kwance. Yaron da ya daɗe da dainawa sannan ya koma yi, ko dai wani abu ya girgiza shi ko kuwa ciwo ne a jiki, kuma waƙar tsokana da ɗaura masa tabarma a ka ƙara abin suke yi. Kada ki yi saurin yanke wa uwa hukunci don ta ƙi ambatar sunansa tana cewa "yaron nan". In ɗan fari ne, alkunya ce. Ki kuma gano wa ke da ta-cewa a gidan. Sau da yawa kaka ce, in kin samu Goggo kin samu gidan.

Za a ce miki iska ce, ko sammu, ko baki. Kada ki yi gardama, ba ki zo cin muhawara ba. Ni nakan ce, "Baba, a ci gaba da addu'a da tofi, mu kuma haɗa da asibiti, tunda Manzon Allah (SAW) ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta." Ban taɓa ganin wanda ya musa wannan ba. Inda nake tsayawa ƙyam shi ne duka da sunan fitar da aljani, turara hayaƙi a rufaffen ɗaki, ɗaure yaro, ko a ce a ajiye maganin likita. In abin ya kai nan, liman ko mai unguwa nake ɗaukowa, don maganarsu ta fi tawa nauyi a zauren.

Mataki na shida: zama da yaron

Minti ashirin zuwa talatin, sau ɗaya a sati, rana ɗaya, lokaci ɗaya. Kada ki aika monita ya tsaya a ƙofar aji ya ƙwala kiransa. Ku shirya da malamin ya aike shi da littafi wurinki.

Ki sauka kan tabarma, ki zauna a gefensa, ba gaba da gaba ba. Maganar farko ita ce, "Ba laifi ka yi ba, kuma nan ba a duka." Ta biyu ita ce gaskiyar sirri: "Abin da ka faɗa mini ba zan kai wa 'yan ajinku ko malaminku ba. Amma in wani yana cutar da kai, zan nemi babban da zai taimaka, kuma zan faɗa maka kafin in yi." Ki faɗi wannan tun ranar farko. Wadda ta yi alkawarin rufe komai, ranar da dole ta buɗe ta ci amana.

Yaro ɗan shekara bakwai ba zai ce yana cikin damuwa ba. Cewa zai yi cikinsa na ciwo, ko kansa, ko gabansa na faɗuwa. Don haka ki ba hannunsa aiki. Ki ce ya zana gidansu da duk wanda ke ciki. Kada ki fassara zanen, ki tambaya: wannan wane ne, me yake yi, kai kana ina? Wata yarinya ta zana kowa a tsakar gida, ta zana kanta a waje da tire a ka. Ban buƙaci wata tambaya ba. Tatsuniya ma hanya ce: ki fara, "Ga ta nan, ga ta nanku, wani ɗan zomo ne ba ya iya barci da dare," ki tsaya ki ce shi ya ƙarasa. Abin da ya hana zomon barci shi ne ya hana shi.

Ki guji "me ya sa". A kunnen yaranmu "me ya sa" share fagen mari ne. Ki ce "sai me ya faru?" In ya yi shiru ki bar shi, ku ci gaba da carafke. Akwai wanda sai zama na huɗu ya buɗe baki.

Ki zana fuska huɗu a kwali, mai murna, mai fushi, mai tsoro, mai baƙin ciki, ya riƙa nuna ta yau. Ki koya masa numfashi da abin da ya sani: ya shaƙi ƙamshin ƙosai ta hanci a hankali, ya hura kunu mai zafi ta baki, sau biyar. Suna dariya da farko, amma na sha ganin yaro a filin wasa ya tsaya yana hura kununsa maimakon ya kai naushi. Saura minti biyar a tashi, ki sanar da shi, ku rufe da wasa mai daɗi, kada ki mayar da shi aji da hawaye.

Bayan zama shida ki tsaya ki auna: yana zuwa makaranta, yana barci, yana wasa, me malaminsa da uwarsa suka gani? In ba abin da ya motsa, ko dai kin kuskure matsalar ko ta fi ƙarfinki.

Mataki na bakwai: yaran da suka gudo

Makarantun cikin gari da yawa suna da yaran da iyayensu suka baro ƙauyukan Batsari, Jibiya, Safana da Ɗanmusa saboda 'yan bindiga. Tun bayan sace ɗalibai sama da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disamban 2020, har yaran da ba su taɓa barin gari ba sun san makaranta wuri ne da ake iya zuwa a kwashi mutane. Za ki gane su: salansar babur ta yi ƙara, yaro ya shige ƙarƙashin benci. Wata kaka ta ce mini, "Malama, tun da munka baro gida ɗiyar nan ba ta kwana sai da takalmi a ƙafa."

Kada ki ce ya ba ki labarin abin da ya gani, kuma ki hana malamai da baƙi masu kyamara tambayarsa. In ya kawo da kansa, ki saurara, ki ce masa tsoron da yake ji ba hauka ba ne, duk wanda ya ga abin da ya gani haka zai ji. Jagorar agajin farko na zuciya da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011 a kan abu uku ta tsaya: duba, saurara, haɗa shi da taimako. Taimakon nan sau da yawa yunifom ne, ko aboki, ko benci kusa da ƙofa don ya ga hanyar fita. Ki haɗa su rukuni na shida zuwa takwas, ki gauraya da 'yan gari, don kada a ce ga ajin 'yan gudun hijira.

Mataki na takwas: malamai da bulala

In kika shiga ofishin malamai da wa'azin haramcin bulala, kin gama aiki a makarantar. Mutumin da ke fama da yara ɗari da alli guda ba ya son lacca. Ki ce, "Malam, ara mini shi sati biyu, in bai sauya ba na dawo maka da shi." Yaron da ba ya iya zama, a dawo da shi gaba, a ba shi goge allo da kai rajista ofis, a riƙa ba shi umarni ɗaya-ɗaya, a yabe shi nan take in ya yi daidai. Mai in'ina kada a ƙarasa masa magana. Roƙo ɗaya nake nacewa a kansa: a daina kiran yaro jaki ko daƙiƙi. In malami ɗaya ya ga ajinsa ya lafa, shi zai yi miki talla wurin sauran.

Mataki na tara: in yaro ya ce an taɓa shi

Ki riƙe fuskarki, kada ki yi salati da ƙarfi ko ki fashe da kuka. Ki ce, "Na yarda da kai, ba laifinka ba ne, ka kyauta da ka faɗa." Kada ki sa masa magana a baki, irin "Wane ne ya yi, ko?" Ki rubuta kalmominsa yadda ya faɗe su, da rana da lokaci. Ba ke za ki duba jikinsa ba, ba kuma ke za ki tunkari wanda ake zargi ba. Ki sanar da hedimasta a ranar, sai in shi ake zargi, sannan ki wuce wurin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. A sanar da wanda ke iya kare yaron a gidansu, da jami'in jin daɗin jama'a, da 'yan sanda. In fyaɗe ne, asibiti cikin awa 72, don a cikin wannan lokacin ne maganin kariya daga cutar ƙanjamau ke aiki. Za a zo miki da "a rufa asiri, a sasanta a gida". Za a turo dattawan da kike jin kunya. Ki gaishe su da ladabi, ki ce magana ta riga ta bar hannunki.

Haka in yaro ya ce gara ya mutu. Ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, tambayar ba ta cusa tunanin. Kada a bar shi shi kaɗai, a kira iyaye, a kawar da fiya-fiya da maganin ɓera daga inda hannunsa ke kaiwa, a kai shi asibiti ranar.

Mataki na goma: turawa, rubutu, da ke kanki

Ki tura yaro asibiti in yana suma, ko yana jin muryoyi, ko ya daina magana ko cin abinci, ko ya manta abin da ya riga ya iya, ko yana ji wa kansa ciwo. A fara da sashen yara na babban asibiti ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. In ana bukatar asibitin ƙwaƙwalwa na musamman, akwai Dawanau a Kano, Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato. Ki ba su 'yar wasiƙa mai faɗin abin da kika gani da tun yaushe, ba abin da kike zato ba. Bayan sati ki bi sawu, don kuɗin mota kaɗai na iya sa wasiƙar ta kwana ƙarƙashin katifa.

Littafinki ya zauna a akwati mai kwaɗo, da lamba maimakon sunan yaro. Hoton yaro ko labarinsa ba ya shiga WhatsApp, ko da zauren malamai ne. Ki samu wata da ta riga ki a aikin ku riƙa zama sau ɗaya a wata, ba tare da ambaton sunaye ba, don akwai labarin da in kika kai shi gida sai ya hana ki cin tuwo.

Game da azuzuwa ukun Hausa da aka ba ƙanwata, na ce ta roƙi hedimasta ya rage mata biyu, ta riƙe ɗaya. Malamai ba sa sauraron shawarar wadda ba ta shaƙar ƙurar alli tare da su, kuma darasin tatsuniya na aji uku shi ne inda na fara gano rabin yaran da suka zauna a tabarmata.